Jirgin ƙasan da ke ɗauke da sunan masu raƙuma

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Na raka wani abokin aikina tashar jirgin ƙasa a nan Adelaide, iyayensa za su tafi Darwin, can ƙarshen arewacin Ostiraliya. Jirgin da suka hau sunansa The Ghan. Tafiyar kilomita 2,979 ce, kwana biyu a hanya, ana yada zango a Alice Springs da Katherine. Tsawon jirgin kaɗai abin kallo ne, tarago bayan tarago har ido ya gaji. Amma abin da ya ɗauke mini hankali shi ne tambarin da ke jikinsa: raƙumi da mutum a bisansa. Na ce ikon Allah, me ya haɗa Bature da raƙumi? Sai mahaifin abokin nawa ya ce mini ai Ghan ɗin guntun kalmar Afghan ne, wato mutanen Afganistan, masu raƙuman da suka riƙa ratsa hamadar ƙasar da kaya kafin a shimfiɗa dogo. Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Masallacin da nake zuwa Juma'a a titin Little Gilbert, wanda aka fara gininsa tun 1888, su ne suka tara kuɗi suka gina shi, kuma shekara huɗu ina salla a cikinsa ban taɓa haɗa shi da jirgin nan ba. Tambayata ita ce: wannan suna karramawa ce aka yi musu, ko kuwa akwai wani abu a ƙasa?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam Yaya. Karramawa ce mana, me za a kira ta in ba haka ba? Ƙasa ta ɗauki jirginta mafi shahara ta sa masa sunan baƙi, Musulmi, 'yan ci-rani, ta zana hotonsu a jikinsa. Ni kullum ina kan hanyar Rigasa zuwa Idu, tun da aka buɗe layin a 2016, har yau jirgin ba shi da suna sai “jirgin Abuja”. Tashoshin layin Legas zuwa Ibadan kuwa sunayen manya aka sa musu, su Obafemi Awolowo da Wole Soyinka. Wa ya taɓa tunawa da leburan da suka fasa dutse suka ɗauki ƙasa a ka?

Malam Na Gwale:
Ɗan Rigasa, a yi a hankali. Zancen asalin sunan nan ba ɗaya ba ne, kuma ba duka ne masu daɗin ji ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne cewa daga laƙabin Afghan Express aka gutsuro shi, kuma ba hukuma ce ta zauna ta raɗa shi ba, daga bakin ma'aikatan jirgi ya fito. Inda aka rabu shi ne dalili. Wasu sun ce girmamawa ce ga masu raƙuma. Wasu sun ce shaguɓe ne. Labarin da ake bayarwa shi ne an ƙara wa jirgin wani tarago mai tsada na kwana a kan hanyar Oodnadatta, wani ƙaramin gari a cikin hamada, sai aka wayi gari babu fasinja a cikinsa sai mutum ɗaya daga cikin masu raƙuman, ma'aikata suka mayar da abin habaici ga manyansu, wai ga jirgin 'yan Afganistan nan. Akwai kuma wata ruwayar da ke cewa a tashar Quorn ne wani daga cikinsu ya yi wuf ya sauko da gudu don ya samu ya yi salla kafin jirgi ya tashi, wani ma'aikaci ya yi masa ba'a da sunan. Ƙari a kan haka, jirgin ya yi ƙaurin suna wajen makara da tsayawa a daji, to haɗa shi da mutanen da ake raina wa a lokacin ba yabo ba ne.

Ɗan Rigasa:
To Malam, ko da haka ne, ai yau ba da ba'a ake faɗinsa ba.

Maman Amir:
Ni ruwayar sallar nan ce ta taɓa ni. Ko da dariya aka yi masa, ku dubi mutumin: yana ƙasar da ba a jin kiran salla, jirgi na iya tashi ya bar shi, amma abin da ke gabansa kada lokaci ya fita. Idan sunan jirgin nan daga nan ya samo asali, ni ban ga abin kunya a ciki ba, masu dariyar ne abin tausayi.

Baban Hanifa:
Hajiya, ke da kike Alice Springs, kin taɓa hawansa kuwa?

Maman Amir:
Sau ɗaya, daga nan zuwa Darwin, lokacin da mahaifiyata ta zo mana. Zan ba da labarin in na tashi daga aiki. Amma Malam ya fara gaya mana su wane ne mutanen nan tukuna, don na lura ko a nan garin mutane da yawa sun ɗauka duk daga Kabul suka zo.

Malam Na Gwale:
Ai nan ne kuskuren farko yake. Akwai 'yan Afganistan na gaske a cikinsu, Fashtunawa daga wajejen Kandahar da kan iyaka, amma da yawa daga Balucistan suke, da Sind, da Fanjab, yankunan da yau suke cikin Pakistan da Indiya, a lokacin kuwa ƙarƙashin mulkin Ingila. Harsunansu daban, ƙabilunsu daban, har akwai waɗanda ba Musulmi ba, ko da yake Musulmi ne mafi rinjaye. Bature ya ga rawani da raƙumi ya haɗa su duka ya kira su da suna ɗaya.

Farkon zuwansu da aka fi sani shi ne 1860, lokacin da aka kawo raƙuma da masu kula da su don tafiyar Burke da Wills, waɗanda suka yi niyyar ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa. A 1866 wani attajiri mai suna Thomas Elder ya shigo da raƙuma fiye da ɗari tare da mutum 31, daga nan harkar ta kankama. Dalilin a fili yake: tsakiyar Ostiraliya hamada ce, doki da sa ba sa jure ƙishirwarta. Su ne suka yi dakon kayan aikin wayar tangarahu da aka ja daga Port Augusta da ke kudu zuwa Darwin, aka gama a 1872. Su ne suke kai gari da shayi da sukari da kwanon rufi ga makiyayan tumaki da masu haƙar ma'adinai, su komo da dilolin ulu. Kuma abin da ya fi ci mini rai, su ne suka yi dakon kayan shimfiɗa dogon da ya zo ya kashe musu sana'a.

Baba Reluwe:
Salamu alaikum. Yarana ne suka sa ni cikin zauren nan, ban cika magana ba, amma yau an taɓo inda na ci abinci shekara talatin da biyu, daga Zariya zuwa Kafanchan. Malam ya yi bayanin mutane, ni bari in yi na ƙarfe.

An fara shimfiɗa layin daga Port Augusta a 1878. Ya kai Marree a 1884, ya kai Oodnadatta a 1891, sai ya tsaya cak. Shekara 38 kan dogo yana nan a Oodnadatta, sai a 1929 ya isa Alice Springs. To a tsawon shekarun nan, duk abin da jirgi ya sauke a Oodnadatta, raƙumi ne ke ƙarasa da shi arewa, tafiyar fiye da kilomita 400. Kun ga ashe jirgi da raƙumi sun daɗe suna aiki tare kamar ɗan jirgi da ɗan dako a tasha. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga masu rawani cike da tashar, har sunansu ya manne wa jirgin.

Abin da zai ba ku sha'awa, faɗin tsohon dogon nasu daidai yake da namu na da, ƙafa uku da inci shida, irin wanda ya iso Kano a 1911. Kuma ciwonsu irin namu ne. Jirgin tururi ba ya tafiya sai da ruwa, don haka aka bi da layin ta inda idanun ruwa suke, hanyar da wayar tangarahu ta bi. To inda ruwa yake nan ambaliya take. Kogi kamar Finke zai shekara a bushe, rana ɗaya ruwa ya sauko ya kwashe dogo da gada, jirgi ya yi kwanaki a daji da fasinja. Ga gara tana cin katakon da ke ƙarƙashin ƙarfe. Duk wanda ya yi aikin gyaran layi da damina ya san abin da nake faɗi, ka gyara yau gobe ka tarar da ƙarfe yana reto a iska babu ƙasa a ƙarƙashinsa.

Ɗan Rigasa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To yaushe suka koma babban dogo irin na Abuja?

Baba Reluwe:
Amin ɗana. Da kaɗan-kaɗan. A 1957 babban dogo mai ƙafa huɗu da inci takwas da rabi ya kai Marree, sai ya zama a nan fasinja ke sauka su sake jirgi. A 1980 aka buɗe sabon layi gaba ɗaya daga Tarcoola zuwa Alice Springs, aka kauce wa wuraren ambaliya, tunda injin dizal ba ya neman rijiya a kowane zango. Ragowar kilomita 1,420 zuwa Darwin kuwa sai a wannan ƙarnin, jirgin fasinja na farko ya shiga Darwin a watan Fabrairu 2004. Ku lissafa daga 1878, shekara 126 kafin a haɗa kudu da arewa.

Malam Na Gwale:
Baba ya kawo maganar da nake son a tsaya a kanta. Sabon layin 1980 ya bi can yamma, ya bar Marree da Oodnadatta. Wato jirgin da ke ɗauke da sunansu yau ba ya bi ta garuruwan da suka zauna, inda kaburburansu suke, inda suka gina masallacin ƙasa da rufin ciyawa a Marree. An ɗauki sunan an tafi da shi, an bar masu sunan a baya. Wannan shi ne an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Ɗan Rigasa:
Haba Malam, ai ba don a guje su aka karkatar da layin ba, Baba yanzu ya ce saboda ambaliya ne. Kada mu ɗora wa mutane laifin da ba su yi ba.

Malam Na Gwale:
Gaskiyarka, ban ce da gangan ba ne, kuma na karɓi gyara idan maganata ta yi kama da haka. Amma akwai abubuwan da da gangan aka yi su. A 1901 aka kafa dokar taƙaita shige da fice, tushen manufar nan ta cewa Ostiraliya ta farar fata ce. Jami'i zai yi maka shifta ta kalma 50 da duk harshen Turai da ya ga dama, in ka faɗi ba ka shiga. Mutanen nan galibi da kwantiragin 'yan shekaru suka zo, ba su zo da matansu ba, kuma ba a ba su damar zama 'yan ƙasa ba. A garuruwa a gefe suke zaune, unguwarsu daban, sau da yawa a ƙetaren dogo, har maƙabarta ɓangarensu daban. Masu amalanken shanu da dawaki suna ƙinsu saboda raƙumi ya fi araha kuma ya fi juriya. Wannan shi ne zamanin da laƙabin ya fito. Shi ya sa nake cewa a san irin bakin da ya fara furta shi.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum jama'a. Ni wagga magana ta shige ni sosai, don kakana na wajen uwa mutumen Abzin ne, ya yi tahiyar Bilma da raƙuma tun yana saurayi har ƙarhinsa ya ƙare. Daga Agadas su ratsa Tenere su biya Fashi su kai Bilma, su kai hatsi su ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa. Abin da yake hwaɗa muna kullum shi ne madugu ba ya barci kamar sauran mutane, don ran ayari duka yana hannunsa, in ya kuskure rijiya guda an gama. To ku duba, waɗanga mutane an kai su ƙasar da ba su san taurarinta ba, ba su san ciyawarta ba, wadda raƙumi zai ci ya rayu da wadda zai ci ya mutu, amma suka koyi hanya har suka zama su ne jagora. Wanga ba ƙaramin ilimi ba ne. Ni ko da zagi aka fara sunan, na fi son a ce yana nan da a ce babu.

Baban Hanifa:
Ɗan Maradi ka tuna mini wani abu. Ai ba su kaɗai suka koyi hanyar ba, 'yan asalin ƙasar ne suka san inda ruwa yake tun dubban shekaru, kuma hanyoyinsu na fatauci aka bi. Da yawa daga masu raƙuman sun auri matan 'yan asalin, zuriyarsu na nan har yau.

Maman Amir:
Na dawo. Haka ne Baban Hanifa, a nan Alice Springs za ka haɗu da mutum ɗan asalin ƙasa amma sunan gidansu na Musulmi ne, in ka tambaya ya ce kakan kakansa mai raƙuma ne. Akwai unguwa guda da ake kira Sadadeen, sunan wani mai raƙuma ne aka sa mata. Masallacin garin ma da sunan Afghan ake kiransa. Garin kansa kuwa sunan matar Charles Todd ya ci, shugaban aikin wayar tangarahu, alhali mutanen Arrernte masu ƙasar suna kiran wurin Mparntwe tun kafin a san da Bature. Ka ga zancen wa ya sa wa wa suna a ƙasar nan ba a kan jirgi ya tsaya ba.

Game da tafiyar, gaskiya ta yi kyau. Ƙasa ja wur har iyakar ganinka, sai a hankali ka ga itatuwa sun fara yawa, ga jiɓa-jiɓan gidajen gara tsaye kamar mutane, kafin ku kai Katherine iska ta sauya ta yi nauyi irin ta kudancin Kaduna da damina. Mahaifiyata ta zauna bakin taga da carbinta, ta ce wannan ai hanyar Nguru ce aka yi wa jan fenti. Da na ba ta labarin masu raƙuman sai ta yi shiru, can ta ce a yi musu fatiha, mutanen da suka mutu nesa da gida. A cikin taragon muka ɗaga hannu mu biyu.

Amma in faɗi gaskiya, jirgin yanzu ba na matafiyi ba ne, na 'yan yawon buɗe ido ne. Tun 2016 aka cire kujerun masu ƙaramin ƙarfi, sai ɗakunan kwana da abinci. Mun daɗe muna tari kafin mu hau. Mutumin gari da ke son zuwa Adelaide ganin likita ko 'yan'uwa bas yake hawa ko jirgin sama.

Malam Na Gwale:
To kun ji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hoton mai raƙumi ya zama abin tallan tikitin da jikan mai raƙumin ba lalle ya iya saya ba.

Ɗan Mai Wurno:
Allah gafarta Malam, ina biye da ku daga Sudan, kuma ina so in saka baki a kan haɗa mutane da suna ɗaya, don mu abin a jikinmu yake. A nan ko kai Bahaushe ne, ko Bafulatani, ko Babarbare, Fallata ake ce maka. A Makka da Madina kuma Takari. Kakanninmu sun zo kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi a 1903, suka yi aikin gonakin auduga na Jazira da hannunsu. Sunan nan akwai bakin da in ya faɗe shi zagi ne, akwai bakin da in ya faɗe shi ba komai. Ni abin da na gani a rayuwata shi ne suna ba ya wanke kansa, mutane ne ke wanke shi. Ranar da 'ya'yanmu suka zama likitoci da malamai suka ce e, mu ne Fallata, sai kalmar ta fara sauya nauyi. Don haka tambayar da zan yi wa 'yan Ostiraliyan cikinmu ita ce: su zuriyar masu raƙuman, yaya suke ji da sunan?

Maman Amir:
Waɗanda na yi hulɗa da su da alfahari suke faɗinsa. Wata dattijuwa da nake dubawa ta taɓa ce mini duk lokacin da ta ji ƙarar jirgin sai ta tuna kakanta. Amma ita ma ta yi ƙorafin cewa masu hawa suna ɗaukar hoto da tambarin, ba su san ko sunan mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Ɗan Rigasa:
To bari in yi tambaya kai tsaye, don ni nan Nijeriya nake tunani. A kudu duk ɗan arewa Aboki ne, ko mai shayi ne ko mai gadi ko mai canji, ko Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba. Kalmar tamu ce, mai kyau ce, amma mun san yadda ake murɗa ta. Idan gobe aka sa wa jirgin Legas zuwa Kano wannan sunan, aka zana mai tura baro a jikinsa, za mu ce an karrama mu ko an ci mana fuska? Ni da farko na ce Ghan karramawa ce, amma da na juyo da abin kaina sai na ji wani iri.

Baban Hanifa:
Wallahi ka taɓo wurin. Ni ma da na karanta sai da gabana ya faɗi.

Ɗan Maradi:
Bambancin shi ne mu muna nan da rai, ana kiranmu da sunan yau a kasuwa, ciwon sabo ne. Su kuwa zamaninsu ya wuce, waɗanda suka yi ba'ar sun mutu, waɗanda aka yi wa sun mutu, sunan ya rage. In ka goge shi yau mi ka ƙara musu? Sai dai ka ida binne su.

Malam Na Gwale:
Ban ce a goge ba, ɗan'uwa, ko kusa. Cewa na yi a faɗi labarin duka. A ce ga mutanen da aka kira lokacin buƙata, aka rufe musu ƙofa da buƙata ta ƙare. Ku dubi abin da ya faru da raƙuman ma. Da mota da jirgi suka karɓe dako a shekarun 1920, sai raƙumi ya zama kaya. A 1925 jihar Kudancin Ostiraliya ta yi dokar da ta ba da damar harbe raƙuman da ke yawo. Da yawa daga masu su suka kasa kallon a kashe dabbar da suka yi rayuwa da ita, suka cire akala suka sake su cikin daji. Jikokin waɗannan raƙuman ne yau suka cika hamadar, dubban ɗaruruwa, ba su da mai su.

Ɗan Maradi:
Wayyo. Mutum ya kwance akalar amalensa da hannunsa ya juya baya. Wanda bai yi kiwo ba ba zai gane ba. Kakana taguwarsa ta tsufa har ta daina tashi, bai yarda an sayar wa mahauta ba sai da ta kai ga dole.

Hajiya Ta Nima:
Ina gaisuwa daga Accra. Ni dai abin da na sani game da raƙuman Ostiraliya shi ne labarin 2020, da aka ce ana harbinsu daga jirgi mai saukar ungulu saboda fari. Mutane a nan zango sun yi ta magana, suna cewa me zai hana a kawo mana su ko a yanka a raba. Ashe asalinsu ke nan.

Maman Amir:
Su ne Hajiya. Kuma don a yi adalci, shugabannin 'yan asalin yankin ne da kansu suka nemi a rage su a wancan karon, don raƙuman na shigowa ƙauyuka neman ruwa, suna fasa famfo da shinge, wasu su mutu a cikin idanun ruwa su ɓata su. Ana kama wasu a sayar, har ƙasashen Larabawa ana kaiwa, amma nisan wurin ya sa kamawa da jigila suna da tsada ƙwarai.

Baba Reluwe:
Ni kuma bari in kare sana'ata kaɗan, don na ga kamar jirgi ya zama mai laifi a zauren nan. Mu ma a nan haka aka yi. Kafin dogo ya iso Kano, fata da gashin jimina ta hamada suke bi zuwa Tarabulus a bayan raƙumi, Larabawan Gadamas na zaune a Dandalin Turawa suna wannan ciniki. Cinikin ya riga ya fara rauni, jirgi ya zo ya ƙarasa shi, kaya suka juya kudu zuwa Ikko. Amma jirgin nan shi ya kawo kasuwar gyaɗa, shi ya tayar da Gusau da Kaura Namoda da Nguru, shi ya ciyar da irina. Kowane zamani da abin hawansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mantuwa. Su can ko ba komai raƙumi yana jikin tarago. Mu nan wane yaro ne a Kano zai gaya maka sunan madugu ɗaya?

Malam Na Gwale:
Madugu Mai Gashin Baki, Baba, wanda ya yi fataucin har Adamawa. Amma na yarda, sai wanda ya bi littattafai zai san shi, ba a jikin wani abin da ake gani kullum yake ba.

Hajiya Ta Nima:
Mu ai sunan unguwarmu ma daga ayari ya zo. Zango. Inda fataken goro ke sauke kaya a hanyar Gwanja da Salaga. Yau wasu in sun ce ɗan zango raini suke nufi, mu kuma da shi muke tinƙaho. Shi ya sa na fahimci maganar ɗan'uwanmu na Sudan sarai.

Ɗan Rigasa:
Maroko ma da suka buɗe jirginsu mai gudu tsakanin Tanja da Kasabalanka a 2018, Sarki Muhammad na shida ya sa masa suna Al Boraq, daga Buraƙa. Ka ga su sun zauna sun zaɓa daga abin da suke girmamawa. Na Ostiraliya kuwa daga bakin tasha ya taso. Ban san wanne ya fi daɗewa a bakin mutane ba, amma na lura wanda jama'a suka raɗa da kansu ba ya goguwa.

Ɗan Maradi:
To ga layin Kano zuwa Maradi nan ana aiki, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wagga hanya ai tsohuwar hanyar ayari ce, ta nan gishirin Bilma da kanwa ke gangarowa. In Allah ya sa an gama muna raye, ni roƙona kada a bar shi ba suna, kuma kada a tsaya kan sunan masu mulki kaɗai. A kira shi Madugu, ko Ayari. Yaro ya tambayi ubansa mi ne ne madugu, uban ya ba shi labari.

Baba Reluwe:
Madugu ya yi. Direban jirgi ma ai madugu ne, ran mutum ɗari biyar a hannunsa cikin dare.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na zo da tambaya ɗaya na samu abin da ya fi ta. Jibi Juma'a in sha Allahu zan je masallacin da wuri in ɗauko muku hoton hasumiyoyinsa huɗu, waɗanda aka ƙara a 1903, bayan dokar da Malam ya ambata da shekara biyu kacal. Kuma na yi magana da maman Hanifa, hutun hunturu mai zuwa za mu ɗauki mota mu je Marree da yaran, tunda jirgin ba ya bi ta can. Ina so su ga maƙabartar da idonsu.

Ɗan Mai Wurno:
In ka isa ka yi musu sallama a madadinmu, ka karanta musu ƙulhuwallahu. Ka duba mana kuma ko kaburburan suna fuskantar alƙibla, daga can ina jin arewa maso yamma take.

Baban Hanifa:
Yamma ce da ɗan karkata zuwa arewa, haka muke fuskanta a nan. Zan duba in sha Allahu, in turo muku.